Sarki Luwi a Sikelin Kek

Sulalla goma sha ɗaya gare ni. Duk na Faransa, duk na azurfa, ko dai abin da sarakunan da suka buga su suka kira azurfa. Ƙaramin cikinsu ya haura shekara ɗari shida. Suna zaune a akwatin katako mai shimfiɗar jan ƙyalle, kowane da ɗan gurbinsa, ƙarƙashin gadona a unguwar Levenshulme, nan ƙasar Turawa.

Sunana Abdussalam. Babana Dakta Maharazu, GP ne, wato likitan unguwa. Yayata likita ce, ƙanena yana uni yana karatun haɗa magunguna. Ni na gama sakandare na tsaya. Ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Trafford Park, shift ɗin safe. In aka haɗu a walima, iyaye maza suka fara baje 'ya'yansu kamar kayan lefe, Baba yakan ce, "Abdussalam yana gap year." Wai hutun shekara guda kafin jami'a. Shekara biyar ke nan yana faɗin haka. Mutane su gyaɗa kai. Kowa da irin nasa a gida.

Ruwan sama ne ya jawo abin. Wata Asabar na fake a wani zaure a cikin gari, na tarar tsofaffin Turawa sun jera tebura suna cinikin tsofaffin kuɗi. Wani mai rawar hannu ya ɗora mini wani baƙin abu a tafi, sirit kamar murfin gwangwanin madara. Ya ce kada na taɓa fuskarsa, gefe ake riƙewa. Na tambayi sunan sarkin. Ya ce Luwi na Tara. Na koma gida da sulen, na bar takalmin da na fito saye.

Daga nan na fara karatun da ban yi a makaranta ba. Luwi ya ɗebi runduna ya nufi Masar, aka kama shi, aka fanso shi da dukiya mai yawa. Ya koma gida ya buga wannan sule, azurfa kusan zalla. Ya sake fita yaƙi, ciwo ya kashe shi a bakin Tunis. Bai iya yaƙi ba, amma bai cuci kowa a awo ba. Ɗansa Filib na Uku ya bar sulen yadda ya same shi. Jikansa Filib na Huɗu ya fara da mai kyau, da aljihu ya ɗau zafi ya shiga wasa da kuɗin ƙasa, har aka laƙaba masa sunan sarki mai jabu. Can gaba aka yi Sharl na Shida, wanda ya taɓu ya ce jikinsa gilashi ne, kada a taɓa shi ya fashe. Sulensa rabi azurfa rabi jan ƙarfe. Ina da nasa guda biyu. Arha gare su.

Na gaske a akwatin uku ne: Luwi, ɗansa, da jikansa tun yana mutumin kirki. Sauran 'yan rakiya ne.

Doka ɗaya ce a wannan harka, duk mai tarawa ya san ta: ba a wankewa. Baƙin da ke jikin sule shi ne shekarunsa. Ka goge shi, ka goge abin da ake nema. Nawa Luwin baƙi ne wuluk, sai ka karkata shi wajen taga kafin ka ga zanen da ke jikinsa.

Baba ya taɓa tarar da ni ina karkata shi. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar aiki a hannu.

"Kakanka yana da gona a Bichi," ya ce, "ba ka san iyakarta ba. Amma ka san wa ya gaji wa a Faransa."

Gaskiya ya faɗa.

Widad a wani biki na haɗu da ita, a Birmingham. Can aka haife ta, Hausarta duk ta sha ruwan garin. Gwajin ido take yi a wani shagon tabarau. Ta tambayi aikina, na faɗa, ba ta leƙa bayana neman wani da za ta gaisa da shi ba. Na nuna mata hoton Luwi a waya.

"Me ya sa yake da datti haka?" ta ce.

Na yi mata bayani minti ashirin. Ban yi magana mai tsawon haka ba a duk shekarar. Labarin sarkin gilashi ya fi ba ta dariya.

Babanta Alhaji Ubaidullah akanta ne a Sparkhill. Mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya duba agogo ya tabbatar. Da aka je neman izini ya nemi CV ɗina. Ya karanta, ya juya bayan takardar, babu komai, ya sake juyowa. Yana da ɗan ƙanwa likitan haƙori a Leicester, mai gida da gareji, wanda ya ajiye wa Widad tun tana sakandare. Ita ta ce ba ta so. Wata goma sha huɗu aka yi ana kai da kawowa kafin ya sakko.

"Na amince," ya ce wa Baba. "Amma Dakta, ni mutum ne mai son abu ya tafi kan ƙa'ida. Ranar ɗaurin aure duk abin da bai yi daidai ba, ɗagewa za a yi."

Kowa ya san abin da ɗagewa take nufi a bakin Alhaji. Leicester take nufi.

Sai maganar sadaki. Yayin da ake yi yanzu sisin gwal ne, a ambaci adadin da ƙarfi, a ɗan dakata mutane su gama lissafi a zuci. Widad ta ce ita ba ta so.

"Ka ba ni Luwi," ta ce a waya.

"Shi ne na farko da na saya."

"I know. Shi ya sa."

Ta jira. Ta san shiruna ba ƙi ba ne.

Baba ya ce wannan abin kunya ne, za a ce ɗan Dakta ya biya sadaki da murfin kwalba. Ƙanensa Baffa Zaid, injiniya, wanda zai zama wakilina, ya laluba wayarsa ya nuna masa wani irinsa da aka sayar a gwanjo. Baba ya cire tabarau ya mayar. Washegari na ji shi a waya yana ce wa wani, "Ai Abdussalam ya daɗe a harkar antiques, ba ma dai son surutu ne."

Ranar Larabar makon ɗaurin aure Gwaggo Hafsatu ta sauka daga Kano. Yayar Baba ce, ita ta goya shi. Ta zo da dambun nama, turaren wuta, da rigar sanyi uku a jikinta cikin watan Yuni. Ba ta huta ba. Ta zagaya gidan sau ɗaya ta ce, "Maharazu, a nan kuke zaune?" Kafin Alhamis ta kankare gindin kowace tukunya, ta goge hannun kowace ƙofa, ta wanke kwandon sharar council ciki da waje har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambayi ko tashi za mu yi.

Ya kamata na gane. Ban gane ba.

Ranar Juma'a na fito da akwatin na ɗora a teburin falo, don na ciri Luwi na sa a ambulan. Baba ya kira ni mu tafi masallaci. Daga masallaci na wuce aski a Stockport Road, layi ya yi tsawo. Da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin lemon tsami.

Suna kicin, a kan tawul, a jere. Goma sha ɗaya. Suna walƙiya kamar sabbin cokula. A gefe ga ɓawon lemo, ga man goge baki an matse shi har wuya, ga soson ƙarfe. Gwaggo tana tsaye tana share hannu da gefen zani.

"Audu, zo ka gani," ta ce. "Kai da za ka kai wa surukai abu, sai ka kai shi da dauɗar wasu? Wannan babban ya ba ni wuya. Sai da na jiƙa shi sau uku."

Na ɗauki Luwi ta gefe. Layin soso ya ratsa shi ta ko'ina, siriri-siriri.

"Gwaggo, baƙin nan shekara ɗari bakwai da hamsin ya yi yana taruwa."

"Ai na gani. Ba wanda ya kula da shi. Turawa da ƙazanta."

"Ba a wankewa."

"In ji wa?"

"Masu harkar."

"Maza ne ko?"

Na ce maza ne.

"To," ta ce, ta juya ta kunna famfo.

Ba a yi wa gwaggo faɗa. Ba a yi wa wadda ta goya ubanka faɗa ana gobe aurenka. Na kwashe su na mayar gurabensu, na hau sama na zauna a bakin gado. Sai a nan na lura da abu na biyu. Da baƙin ya tafi, zanen ya fito. A tsakiyar sulen ga kuros irin na coci, ƙato, ɓaro-ɓaro, ko daga ƙofar ɗaki za ka hango shi. Na san yana nan tun ranar farko. Widad ma ta sani. Shekaru ne suka rufa masa asiri, Gwaggo ta tone.

Asabar da hantsi muka ɗau hanyar Birmingham, mota huɗu. A M6 ana gyaran hanya, kamar kullum. Gwaggo tana bayanmu da jakarta a cinya, ta rungume ta da hannu biyu.

"Na taho da sauran," ta ce, wajen Stafford. "Ko dangin amarya za su so su ga aikin."

Baba ya ce ta kyauta. Na kalli taga.

A falon Alhaji aka yi, bayan azahar. An tura kujeru jikin bango, an shimfiɗa darduma har bakin ƙofa. Na ƙirga likitoci tara, injiniyoyi huɗu, akantoci uku, sai ni. Mata suna kicin da matattakala. Likitan haƙorin ma ya zo, da farar shadda, ya zauna kusa da tiren dabino yana yi wa kowa murmushin talla. Ni aka ajiye ni a lungu bayan talabijin. Ango ba ya magana a ɗaurin aurensa. Wannan ɓangaren na al'ada ya dace da ni.

Malam Gimba ne limamin, tsoho mai sanyin murya. Alhaji da kansa ya zama waliyyi, don ba ya ba wani aikin da zai iya yi. Baffa Zaid ya nemi aure a madadina, Alhaji ya ce ya bayar, Malam ya tambayi sadaki.

Baffa ya gyara murya. "Sulen azurfa guda, na Sarkin Faransa, mai shekara ɗari bakwai da hamsin. Lakadan ba ajalan ba."

Aka yi 'yar guna-guni ta jin daɗi. Aka buɗe ambulan. Luwi ya fara yawo hannu zuwa hannu, kowa ya danna masa babban yatsa a fuska, wasu da maiƙon cincin. Na daina kallo. Da ya iso wurin Alhaji, ya sa tabarau, ya ɗaga shi wajen fitila.

"Dakta," ya ce. "Wannan kuros ne?"

Masu cin cincin suka daina tauna.

"Ado ne kawai, Alhaji," in ji Baba.

Wani likita ya ce alamar tarawa ce, irin ta jikin kemis. Wani injiniya ya ce a'a, gabas da yamma da kudu da arewa ne, mutanen da suna son taswira. Alhaji bai saurare su ba. Ya ɗauko waya, ya tambayi Baffa sunan sarkin, ya rubuta da yatsa ɗaya. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

"An ce nan shi ne ya kai wa Masar yaƙi."

"An ci shi ai," Baba ya ce da sauri. "Har kama shi aka yi."

"To ganima ce ke nan," wani ya faɗa daga baya. Aka yi dariya, aka kuma haɗiye ta da aka ga fuskar Alhaji.

Likitan haƙori ya ɗauki dabino.

Malam Gimba ya miƙa hannu aka ba shi sulen. Ya juya shi sau biyu.

"Alhaji, wannan ba ya hana komai," ya ce. "A farkon zamani dinarin Rum da dirhamin Farisa ake kashewa, da tambarin sarakunansu a jiki. Da su aka yi ciniki, da su aka biya sadaki. Ba zane ake dubawa ba, nauyi ake dubawa."

Na saki numfashi. Na yi gaggawa.

"Nauyi," Alhaji ya ce, kamar an miƙa masa shayi. "Madalla. Malam, mene ne mafi ƙarancinsa?"

"Rubu'in dinari na zinariya, ko dirhami uku na azurfa, ko abin da ya kai ƙimarsu."

"A giram fa?"

Malam ya lissafa da yatsu. "Kusan tara."

Alhaji ya ɗaga murya wajen ƙofa. "A miƙo mana sikelin Hajiya."

Wani hannu mai lalle ya ziro sikelin kek ta gefen labule, da sauran fulawa a jikinsa. Alhaji ya hure fulawar, ya ajiye shi a tsakiyar darduma, ya danna sai da ya nuna sifili. Ya ɗora Sarkin Faransa. Likitoci tara suka sunkuya.

Huɗu.

"Ko abin da ya kai ƙimarsu, Malam ya ce," in ji Baba. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. "Zaid, nuna masa na gwanjon nan."

Baffa ya miƙa waya. Alhaji ya dubi hoton, ya dubi sikeli, ya sake duban hoton.

"Na hoton baƙi ne. Wannan fari." Ya juyo lungun talabijin. "A yi mini afuwa, jama'a, ango zai yi magana. Abdussalam, wannan ya kai darajar na hoton?"

"Shekaranjiya ya kai."

"Yau fa?"

"An wanke shi. Ya faɗi. Amma ko a haka ya fi giram tara na azurfa nesa ba kusa ba."

"In ji wa?"

"Ni."

"Kai ne mai kaya, kai ne mai biya, kai ne kuma mai ƙimantawa." Ya girgiza kai a hankali. "Ko a ofis ba na karɓar wannan. Akwai wani a nan da ya san harkar?"

Digiri ya fi talatin a falon. Ba wanda ya motsa.

Baba ya zaro walat. "Alhaji, sai a cika da fam, mene ne a ciki?"

"Azurfa aka ambata a gaban shaidu, Dakta. Azurfa yarinya ta nema. Ba zan sauya mata a bayan idonta ba." Ya haɗa yatsunsa. "Ni a ganina, kada a yi gaggawa. Sai a ɗage, a samo takardar ƙima daga masana, a sa wata rana."

Ga kalmar ta fito. Likitan haƙori ya ajiye ƙwallon dabino a tishu, ya naɗe shi da kyau.

Sai murya ta taso daga matattakala, ba ta damu da labule ba.

"In nauyi kuke nema, ga sauran nan a jakata. Duk na wanke su."

Akwatin ya shigo hannu zuwa hannu har lunguna. Na matso tsakiyar darduma na buɗe shi a gaban sikeli. Goma suna kallona, duk fari ɗaya. Giram biyar ake nema. Ƙananan ba za su kai ko'ina ba. Hanya biyu ce: ko Filib da Filib, ko sarkin gilashi guda biyu.

Filib na Uku sai da na yi shekara ina jiran irinsa. Na Huɗu kuwa har York na je a bas na ɗauko shi. In suka tafi, abin da zai rage a akwatin bai fi a ba yara su yi wasan shago ba.

Na ɗauki Sharl biyu na ɗora.

Goma.

"Ya wuce," in ji Malam. Aka yi hamdala. Baba ya mayar da walat. Alhaji ya leƙa lambar ta saman tabarau, ya leƙa ta ƙasa, bai sami kuskure ba. Malam ya gyara zama zai fara siga.

Na dubi sikelin. Luwi a tsakiya, mahaukaci a dama, mahaukaci a hagu. Albarkacin soson Gwaggo duk walƙiyarsu ɗaya. Daga nan har Coventry babu wanda zai bambance. Sai mutum ɗaya, tana sama an lulluɓe ta, wadda ta yi dariyar sarkin gilashi ranar da muka haɗu. Za ta buɗe ambulan ta gane su kafin ta gama buɗewa. Ba za ta ce komai ba. Wannan ne ya fi damuna.

"Malam, a dakata."

Baba ya juyo gaba ɗaya.

"Waɗannan biyun rabinsu jan ƙarfe ne. Azurfar da ke kan sikelin ba ta kai bakwai ba."

"Who asked you?" Baba ya ce ta tsakanin haƙora.

Na sauke su. Na ɗauki Filib na Uku ta gefe, na ɗora. Na ɗauki na Huɗu, na ɗora. Uba, ɗa, da jika, a kan sikelin kek a Sparkhill.

Goma sha biyu.

"Waɗannan fa?" in ji Alhaji.

"Kusan zalla."

"In ji wa?"

"Ni."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Shekara ashirin da takwas ina wannan aiki," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda ya shigo da jabu, ya wuce, sannan ya dawo ya kama kansa ba. Ban sani ba ko gaskiya ce ko wauta."

"Duk biyun ba sa hana aure," in ji Malam Gimba, ya ɗaga hannu kafin wani ya sake tuno wata ƙa'ida.

Aka ɗaura. Aka shafa fatiha. Aka raba goro da alewa. Likitan haƙori ya zo ya ba ni hannu, ya ce in na shigo Leicester na neme shi, haƙorina na ƙasa yana son dubawa.

Da la'asar aka bar ni na ga Widad a ɗan lambun bayan gida, tsakanin igiyar shanya da kwandon shara, ƙawayenta suna leƙe ta tagar kicin. Ambulan yana hannunta. Ta zazzage shi a tafi.

"Wa ya yi masa wannan?"

"Gwaggo."

"Da me?"

"Lemon tsami. Man goge baki. Soso."

Ta rufe ido. "Oh, Luwi." Ta buɗe. "Kuma uku? Ni ɗaya na ce."

"Babanki ya auna."

"Na ji. Duk muna matattakala. Mum tana ta cewa a dawo mata da scale ɗinta." Ta juya Filib na Huɗu. "Na ji lokacin da ka ce a dakata. Na ce shi ke nan, na zama matar dentist."

"Yi haƙuri."

"Da ka bar mahaukatan nan a ciki da na gane."

"Na sani."

"Zai koma baƙi?"

"Zai ɗan yi. Ba irin na da ba."

"Shekara nawa?"

"Ba za mu gani ba."

Ta mayar da su ambulan, ta cusa a 'yar jakarta, ta ja zif.

"Nawa ne yanzu," ta ce. "In kana son gani ka nemi izini. Kuma gefe ake riƙewa."

A walimar washegari na ji Baba yana gabatar da ni ga wani baƙo. Gap year ta ƙare. "Wannan shi ne Abdussalam," ya ce, hannunsa a kafaɗata. "Consultant ne a harkar azurfa. Jiya ai shi ya gyara wa su Alhaji awo." Baƙon ya ce yana da wasu cokulan matarsa da yake so a duba masa. Na ce Litinin ina shift.

Gwaggo kuwa ta ce tunda an ƙi waɗancan biyun, kuma ita ta sha wahalar wanke su, a ba ta. Na ba ta. Kafin mu bar Birmingham ta sa aka kai ta wurin wani maƙerin gwal a Stratford Road, ya huda su ya sa musu maƙalai. Mutumin da ya ce kada a taɓa shi ya fashe, yanzu yana lilo a kunnen Gwaggo a Kano, gefen da ke da zanen furanni a waje, mai kuros a ciki. An ce tana gaya wa mata a wurin suna cewa na Sarkin Faransa ne, da hannunta ta fitar masa da dauɗa.

Shida suka rage a akwatin. Ban ƙara saye ba tukuna. Muna wani flat a Ardwick, hawa na uku, tagar kicin tana kallon layin dogo. Widad ta ajiye ukun a cikin gidan tabarau, a durowar da ban da hurumi a cikinta.

Jiya na nemi izini, ta ba ni minti biyar. Na karkata Luwi wajen taga. A gefensa, kusa da harafin farko na sunansa, wani ɗan duhu ya fara dawowa, bai fi ƙwayar gero ba.

Gwaggo tana zuwa da Babbar Sallah. Mun yi shawara, za a kai sulallan gidan Alhaji a ajiye har ta koma. Ya ce zai karɓa, amma sai an auna.